Tashar Kwali a Saman Kabad

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba. Yaya jikin nasa? Hannun da ya shanye ya fara riƙe kofi? Ki tabbata yana shan maganin hawan jinin a kan lokaci, kin san halinsa, sai ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ya ce ya haɗiye. Ni nan lafiya lau, in ban da ciwon bayan da tuƙin katafila ya saba ba ni. Har yanzu babu sabis a wajen wannan madatsar ruwa da muke ginawa, don haka sai haƙuri da wasiƙa ta hannun direban motar siminti.

Hoton da kika sako a ambulan ya iso. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, na kai shi bakin taga, ban gane jirgina ba. Auta, me kika yi masa? Jirgin ƙasa na wasa na aiko wa Baba, sabo fil a kwalinsa, kansa ja yana ɗaukar ido, taragunsa kore shar. Wahalar da na sha kafin na saye shi, bayana ne kaɗai ya sani. Na ce tunda tsoho ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙin jirgi, yanzu kuma ciwo ya zaunar da shi a ɗaki, bari ya sami abin kallo. Yau ga shi a hoto baƙi wuluk, gefensa duk tsatsa, kamar wanda aka tsinto a bola. Ruwa ne ya shiga ɗakin? Ko kusa da murhu kika ajiye shi?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da kika rubuta a bayan hoton, wai Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce yanzu ne ya zama jirgi. Yanzu ne? To da na aiko shi, mene ne? Ranar da kwalin ya iso kin rubuto cewa ya ce an gode. An gode kawai. Na yi ta maimaita karatun wannan an gode ɗin ina neman wani abu a ciki, ban samu ba. Ke kuma kin shafa masa datti kin sami dariya har da hawaye.

Ki yi mini bayani. Ki ce masa Kwandastansa yana gaishe shi, in dai har yanzu yana kirana da sunan.

Yayanki.

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba da sauƙi. Jiya ya riƙe kofi da kansa, rabin shayin ya ƙare a zanen gado, amma dai ya riƙe. Ƙwayar kuwa sai ya buɗe baki na leƙa nake barinsa. Kai ma ka riƙa sa matashi a kujerar katafilar nan kafin ka dawo mana a sunkuye.

Ba ruwa ba ne, ba murhu ba ne. Ni na ɓata shi, da gangan, kuma ban gama ba.

Bari ka ji abin da na ɓoye a wancan karon don kada ranka ya sosu. Da na haɗa layin a kan tsohon teburin da nake yankan yadi, na sa batir, jirgin ya kama zagayawa, Baba ya ɗan kalle shi, ya ce an gode, ya juya fuska bango. Da na matsa masa sai ya ce, "Auta, wannan bai taɓa fita aiki ba. Jirgin kanti ne." Haka abin ya zauna a tebur babu mai kula shi. Wata rana na taso daga zuba gawayi a dutsen guga, na ɗaga kan jirgin zan share ƙarƙashinsa, yatsana ya bar baƙi a rufin. Na kai hannu zan goge, Baba ya daka mini tsawar da rabon da in ji irinta tun kafin ya kwanta: "Bar shi! Ƙara a bayan bututun hayaƙi!"

Tun daga ranar ya mayar da ni leburarsa. Gawayi nake dakawa, in tankaɗe, in shafa da tsohon buroshin haƙori. Tsatsar da ka gani kuwa ta gaske ce: soson ƙarfe na wankin tukwane na jiƙa, na bar shi ya ci, nake ɗiga ruwan a ƙafafun taragu. Tsakuwar layi yashi ne daga bakin ginin maƙwabta, na tankaɗe da rariyar shayi, na zuba tsakanin dogo, na bi shi da gam da na tsinka da ruwa don ya kame. Ciyawa garin katako ne na roƙo wajen kafinta, na rina da ragowar rinina. Bishiyoyi tsohuwar wayar wuta ce na murɗe, na yayyaga soson katifa na manna. Ganyen shayin da muka sha ma ba ya zuwa bola, shanya shi nake ya zama ƙasar gona. In ka cire gam, babu abin da na saya.

Shi kuma yana kishingiɗe yana ba da oda. "Ba a nan mai yake zuba ba! Ke ba ki san jirgi ba!" Na ce na ji, amma ba za a kunna ba sai ka cinye abincinka. Yanzu tas yake cinyewa. Likita da ya gan shi ya tambaye ni ko na canza masa magani.

Saura tasha, ita nake shirin farawa. Kai ka aiko da jirgi, Allah ya saka da alheri. Amma mu da muke ɗakin mu muka san abin da yake so.

Ƙanwarka.

Auta,

Na ji daɗin labarin kofi, Allah ya ƙara sauƙi. Matashin na sa, bayan yana nan yadda yake.

"Mu da muke ɗakin." Na ji. Ni ai yawon shan iska na fito, shi ya sa ba na ɗakin.

Da Baba ya ce ba ki san jirgi ba, gaskiya ya faɗa, ki daina ɗaukar ta wasa. Lokacin da yake saɓa ni a kafaɗa ya shigar da ni kan jirgi, in ja igiya jirgi ya yi kuka mutanen tasha su toshe kunne, ba a haife ki ba. Ina aka samo sunan Kwandasta? Ni ne nake tsayawa bakin ƙofar tasha ina ihu wa fasinjoji su hau. Ke kin yi wayo ne bayan an rufe layin, tashar ma an rushe ta an yi shaguna. Ko hotonta ba ki taɓa gani ba. Da me za ki gina ta? Da ganyen shayi?

Saboda haka ki ji da kyau: tasha tawa ce. Ki yi ciyawarki, ki yi bishiyoyinki, amma kada ki taɓa tasha. Ni zan gina ta a nan in aiko. Kuma kada ki aiko mini da wani awo, tef ɗin wuyanki ki bar wa riguna. Tashar tana cikin kaina daga ƙofa har famfo.

Na ma fara. Na karɓi kwalayen sabulu a kantin ma'aikata, na tara tsinken ashana na tagogi, murfin gwangwanin madara zai zama agogo. Rufin kwano kuwa gwangwani na buɗe na shimfiɗe, nake jan ƙusa a kai layi-layi. Yatsuna sun saba da sitiyari, ba su saba da ashana ba, in na manna ɗaya biyu su biyo hannuna. Abokan ɗakina sun sami abin dariya, wai ƙato da gemu ya koma wasan yara. Na bar su da bakinsu.

Hotonki yana jingine a jikin fitila ina kallo. Bishiyoyin sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Wannan ɗin ne ma yake ba ni haushi. Ke da kika kasa zana kaza a makaranta, yau ke ce mai sa Baba dariya.

Ba ki ba ni amsa ba, yana ambatona kuwa?

Yayanki.

Auta,

Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. In jikin Baba ne ya tashi, ki faɗa mini, kada ki rufe ni.

Tashar ta bar nan da daɗewa. Direban siminti ya rantse a hannunki ya danƙa ta, ya ce har ruwa kika ba shi. Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kullum in tare shi a bakin get ya nuna mini tafin hannu. Na hau tudun da ake ɗan samun sabis, wayarki ba ta shiga, sai ta Gwaggo na samu. Kafin layin ya yanke abin da na ji shi ne, gida ya cika da yabon hannun Auta, kowa hannun Auta. Tasha kuwa ta ce ba ta ga wata tasha ba.

Ina kika kai ta? In Baba ne ya gani ya sake cewa an gode, ki faɗa mini in san matsayina. In kuma taki kika gina kika kafa a wurin, to ki sani ba zan manta ba.

Yayanki.

Yaya,

Baba yana nan, jikin ba yabo ba fallasa. Wayata ce ta faɗa a bokitin wanki. Shirun kuwa nawa ne, kada ka ga laifin direba.

Tasharka ta iso lafiya, ko tsinke ɗaya bai karye ba. Yaya, ta yi girma. Na sa tef ɗin da ka raina na auna. Ƙofarta ta ninka kan jirgin a tsawo. Bencin da ka yi wa fasinjoji ya kai rufin tarago. In na ɗora ta a tebur, jirgin zai koma kamar ɓera a gindin gida, bishiyoyina su koma ciyawa. Duk abin da na yi wata da watanni ina aunawa zai tashi a banza. Tana saman kabad, na lulluɓe ta da zane. Baba bai san ta zo ba.

Ka ce gida ya cika da yabona. Gwaggo ce gidan? Ita ce mai yabon, ita da maƙwabta. Kana tambaya ko yana ambatonka, to bari in ba ka amsa ka huta. Kwanan baya tsohon abokin aikinsa ya zo duba shi, wannan mai ɗaga wa jirgi tuta. Baba ya sa na kunna, suka zauna suna kallo, mutumin yana ta salati yana taɓa tsakuwa yana cewa kamar gaske. Ka san me Baba ya ce? "Ɗana ne ya aiko mini. Kwandasta." Ina tsaye a wurin da faranti, gam bai gama fita daga farcena ba. Ko kallon inda nake bai yi ba.

Ni nake juya shi a gado. Ni nake wanke zanen da ya ɓata. Na rage karɓar ɗinki, mata sun fara kai kayansu wani wuri, ina durƙushe ina tankaɗe yashi. Abin da nake samu shi ne ke ba ki san jirgi ba. Kai kana can, suna ɗaya za a kira fuskarsa ta washe. Kana kishin dariyar da na samu sau ɗaya, ni kullum nake haɗiye nawa.

Girman tashar gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ya sa na ɓoye ta ba. Na san ko ta kai girman ɗakin nan zai so ta, don kai ka yi. Zai ce a ture bishiyoyina a ba ta wuri. Wannan tebur shi kaɗai ne abin da muke da shi ni da shi, kuma ban shirya ba ka shi ba.

Ka yi fushi in ka ga dama.

Ƙanwarka.

Auta,

Ina gaishe ku. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki lada.

Na yi fushin. Na rubuta miki wata wasiƙa mai zafi, da na karanta na ga ko direba ba zan iya ba ya riƙe ba, na yaga.

Ban san ya ce ɗana ne ya aiko ba. Zan so in ce miki ban ji daɗi ba, amma na ji, har na kasa cin abinci. Daga baya na tuna ki da faranti a tsaye, sai daɗin ya koma mini ciki.

Maganar girma, na zauna na yi ta lissafin inda na kuskure. Jirgin ban riƙe shi a hannu ba sai ranar da na saya, awo kuma na ce ba na so. Yadda tashar take a kaina haka na yanka kwalin, kuma a kaina ƙatuwa ce. Ban taɓa tsayawa na ce wa kaina ba, ai rabonka da ita tun kana kama gefen wandon Baba.

Kada ki nuna masa, ba na son ya ga ɗansa ya kasa abin da tela ta iya. Ki sa almakashi ki yanka ta. Kwalin mai kauri ne, zai yi miki rumfuna, rufin ma zai yi amfani. Ki gina taki daidai awo. Kin ci, kuma har yanzu ina jin zafin hakan.

Yayanki.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ka karanta wannan a zaune. Jikin Baba ya ɗan motsa, mun kwana asibiti, amma mun dawo. Maganarsa ta ƙara nauyi. Likita ya ja ni gefe ya ce in akwai na nesa, gara a sanar da shi. To na sanar da kai.

Kafin wannan, na bi umarninka. Na hau kujera na sauko da tashar, almakashi yana hannuna, ina tsammanin Baba barci yake. Zanen ya zame. Sai na ji ya ce, "Kawo nan."

Na ce Baba ta yi girma, ba ta dace da jirgin ba. Ya ce in ɗora. Na ɗora, ta danne mini gona guda da bishiya uku, raina yana tafasa. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce in janye matasan bayansa. Ya yi ta zamewa a kujera har haɓarsa ta zo daidai bakin tebur, yana kallonta daga ƙasa. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya taɓa famfon da ka yi a gefen ƙofa, ya taɓa tsagar bangon da ka zana can ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin benci ya ce nan kake ɓoye murafen kwalba. Sannan ya nuna tagar sayar da tikiti. Ni da na gan ta na ɗauka kuskure ne, don ka kafa ta can kusa da rufi.

"Ba ya kaiwa," ya ce. "Sai na ɗaga shi."

Ya yi kuka, Yaya, ba irin na dariya ba. Ya ce kada wanda ya rage mata ko tsinke, haka take a idon yaron, haka za ta zauna. Ni kuwa ina tsaye da almakashi, abin da na ji tsoro ya faru a gabana.

Da ya share fuska sai ya harare ta ya ce, "Amma ta yi tsabta. A ba Auta. Babu mai iya tsufar da abu kamar yarinyar nan." Ka ji yabona na farko, kuma a kan kayanka na same shi. Ban san ko in yi murna ko in jefe ka da buroshi ba.

Na shafa mata gawayi a saman ƙofa, na zubo tsatsa daga rufi, na sa kore a gindin famfo inda ya ce ruwa yana ɗiga. Bishiyoyin na sake su dogaye don su tsaya kusa da ita ba kunya. Bangon tagar tikiti kaɗai na bari fari, wannan naka ne, ka zo ka ɓata abinka da hannunka.

Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Ga abin da ya sa. Yanzu shi yake riƙe makunnin. Duk zagayen da jirgin ya yi, sai ya tsayar da shi a gaban tasharka, ya zuba wa ƙofar tarago ido, ya jira. In ba wanda ya fito, ya sake tayar da shi. Ni ina bayansa da kwanon abinci yana hucewa.

Jiya ya tambaye ni ko jirgin ya makara ne. Wannan jirgin zagaye kawai yake yi a kan tebur, ba zai kawo kowa ba. Ka nemi izini a wajen aiki, ka hau motar siminti ka taho.

Ƙanwarka, Auta.